Ruf da Ciki a Gaban Suruki

Litinin, 1 ga Maris 1965, da hantsi

Sista Edith ce ta ba ni wannan littafi da fensir. Ta ce tun da hannuwana suna aiki in ba su abin yi, in daina bin ƙudaje da ido. Rabona da dogon rubutu tun ajin yaƙi da jahilci, in ban da awon wuya da na kafaɗa. Ni ne Nuraddin tela, na unguwar Lamisula a nan garin Yerwa, ɗan mutanen Kano. Na rubuta tela ne don ban san abin da zan kira kaina yanzu ba. Ƙafafun da suke taka keken ɗinki sun mutu tun ranar motar nan a hanyar Dikwa, kuma ba zan yi maganar ranar a nan ba.

Ba ƙafafun ne suka kawo ni asibiti ba. Gyambon kwanciya ne, a ƙarshen bayana, daidai inda mutum yake zama a kai. Daga yau wurin zan riƙa ce masa. Na daɗe rigingine a kan tabarma ban san yana cina ba, don daga cibiya zuwa ƙasa ko garwashi aka ɗora mini ba zan ji ba. Wari ne ya tona shi. Matata Kaltum ta riga ni ji, sai ta riƙa ƙara turaren wuta a kasko safe da yamma, har maƙwabta suna yi mata tsiya wai amarci ya dawo sabo. Ranar da na gane dalilin turaren, na so ƙasa ta tsage in shige.

Laraba, 3 ga Maris, bayan azahar

Likita ya zo. Bature ne dogo, Hausarsa a miƙe kamar sanda, ba gaisuwa. Ya zana mini abin da zai yi a takarda, ni kuwa kafin ya gama na gane, don sana'ata ce. Zai kankare duk abin da ya ruɓe, ya goge tsinin ƙashin da yake huda fatar daga ciki. Sannan ya yanko tsoka da fata daga mazaunin dama, amma ba zai cire ta duka ba, zai bar gefe ɗaya a manne don jini ya riƙa shiga, ya juyo ta ya rufe ramin ya ɗinke.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai maho ke nan."

Sista ta fassara masa, ya yi dariya. Ya ce maho ne, sai dai wannan mahon mai rai ne, in aka danne shi mutuwa yake yi. Mako uku ruf da ciki. Ba zama, ba rigingine, ko na ƙiftawar ido. In ya kama, zan iya zama a kan katifa mai laushi in ja keken ɗinki na hannu.

Keken hannu. Tun da ya faɗa nake juya maganar. Wanda yake jan keke yana ciyar da gida, wanda yake ciyar da gida ba a zuwa a ɗauke masa mata.

Juma'a, 5 ga Maris, da safe

An aske ni a inda ba a aske babba. Joseph, ma'aikacin ɗakinmu, shi ya yi, yana ba ni labarin ƙwallo don kada mu haɗa ido. Allah ya saka masa.

Litinin, 8 ga Maris, da la'asar

An yi tiyatar ranar Asabar. Ban san komai ba sai amai da na farka da shi. Yanzu duniyata ita ce daɓen siminti da ƙafafun mutane. Ina gane kowa da takalminsa. An tokare ni da matasai ta ƙirji da ƙugu da ƙwauri, an soka roba guda tana zuƙo ruwan ciwon, wata kuma ta fitsari. Cin abinci kamar akuya, kai a sunkuye. Ƙwai, madara, nama, wai tsoka ba ta kamawa da kunu.

A gadon kusa da ni akwai Umara, wani tsohon Babarbare mai sayar da busasshen kifi, jaki ya karya masa cinya. Bakinsa ba ya gajiya. Yau ya ce, "Tela, kai kaɗai ne a Yerwa da ya yi sujada ya manta ɗagowa." Na yi dariya har Sista ta leƙo. Daga baya ya rage murya ya ce shi dai malaminsu ya ce kwanciyar ruf da ciki ba ta mutanen kirki ba ce. Na ce lalura ce. Ya ce haka ne, lalura ce, ya miƙo mini ɓarin goro. Amma maganar ta zauna.

Laraba, 10 ga Maris, da hantsi

Lokacin wankin ciwo sukan ja labule, amma labulen gajere ne. Sista ta ce mahon ja ne, da ɗumi, ta danna ya yi fari ya koma ja. Wai haka ake so. Kowa a ɗakin nan ya ga wurin in ban da ni.

Alhamis, 11 ga Maris, bayan la'asar

Kaltum ta zo da 'yarmu Falmata a goye, da ƙwai dafaffu a kwano. Ta tsuguna don ta ga fuskata. Falmata ta kama mini hanci ta ja. Na tambayi Kaltum gida, ta ce lafiya. Na tambayi keke, ta ce tana goge shi tana rufe shi da zane. Ta rame.

Juma'a, 12 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Inna Hajara, mahaifiyata, ta zo. Ta zauna a bakin gado ta ba ni baya kamar yadda ta saba, tana yi wa bango magana. Ta ce an yo saƙo daga Dusuman, ƙauyen su Kaltum, surukina Ba Ajimi zai shigo gari ranar Lahadi, kuma ya ce da kansa yake son ganina. Tun da abin ya faru bai zo ba, sai dai ya aiko da shinkafa. Inna ta ƙara wata magana a kan yarinya mai ƙuruciya da abin da dangi sukan yi in shekara ta zagayo. Ba zan rubuta ta ba.

Asabar, 13 ga Maris, da safe

Ban ci ƙwan ba.

Asabar ɗin dai, da la'asar

Mutumin nan, ranar da na je neman 'yarsa, tun daga bakin zaure na tuɓe takalmi, na durƙusa, ban ɗaga ido na wuce gwiwarsa ba. 'Yan'uwansa sun ce ina shi ina ba wa Bahaushe tela 'ya. Ya ce ya ga hannuna, mai sana'a ne, ya ba ni. Har yau ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa miƙe ƙafa ba. In na hango shi a kasuwa sai in sake hanya don kunya.

Gobe kuma zai shigo ya tarar da ni a kife, da mazaunaina a sama, da kwalbar fitsari a ƙarƙashin gado. Me zai gani? Ba mijin 'yarsa zai gani ba. Kaya zai gani, wanda aka jingine.

Na aika wa Kaltum ta zo mini da babbar rigata shuɗiya, wadda na yi wa aiki da hannuna. Na ce rufa zan yi da ita.

Lahadi, 14 ga Maris, gab da magariba

Ya zo. Ya tafi.

Litinin, 15 ga Maris, da sassafe, kafin wankin ciwo

Bari in rubuta tun ba a ja labule ba.

Ranar Lahadi Sista takan tafi coci, Joseph shi kaɗai ne da ɗakuna biyu. Da aka yi azahar na ga ya fita, sai na kira wasu samari biyu da suka zo duba ɗan'uwansu, na ce su taimake ni in zauna, surukina yana tafe. Ko tambaya ba su yi ba. Wane ne zai tambaya? Suka ce ai dole, suka ɗaga ni cak, suka juya ni, suka jingina ni da ƙarfen gado, suka sa mini riga da hula. Ɗayan har ya tura kwalbar can ƙurya da ƙafa. Umara ya ce, "Tela." Na ce masa gaisuwa kawai za mu yi.

Ba Ajimi ya shigo da sandarsa, Kaltum a bayansa. Da ya gan ni a zaune sai ya tsaya cik a tsakiyar ɗaki. Aka kawo masa kujera. "Wushe, wushe," in ji shi, gaisuwarsu ta Barbarci, ina amsawa kaina a ƙasa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ya tambayi Inna, ya tambayi mutanen Kano. Ya yi maganar shinkafar Zabarmari da tsuntsayen da suka dame ta. Ya shafa gwiwarsa, ya ce, "Na ji an ce likitan nan..." sai ya dubi rigata, ya fasa. Na ce a raina ga ta nan tafe. Na ƙara miƙe wuya, na ce masa ai na samu sauƙi ƙwarai, kwanan nan zan koma keke. Ya ce madalla.

Har aka kira la'asar yana nan. Suruki ba a ce masa ya tashi. Kaltum tana tsaye a bayan kujerarsa, idonta a kan zanen gadon, ta buɗe baki ta rufe, don ita ma ba ta yi mini magana a gaban ubanta. Ni kuwa ban ji komai ba. Wallahi ko ɗis. Har daɗi na ji, na ga fuskokin mutane, na ga dogonyaron da ke bakin taga, wanda inuwarsa kaɗai na sani.

Bai ce komai a kan Kaltum ba. Ya yi addu'a ya fita. Samarin suka mai da ni yadda nake, na cusa rigar a ƙarƙashin matashi. Bayanta a jiƙe yake, ba kuma gumi ba ne.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Sista ta ɗaga bandeji, ta yi shiru. Ita da takan ce "madalla, Tela" tun kafin ta gama buɗewa. Na ji takalminta ya fita da sauri. A baranda na jiyo ta tana yi wa Joseph faɗa, da Turanci da Hausa da yarensu, wai shi ya juya ni ba daidai ba wajen canza zane. Yana ta cewa, "Sista, ban taɓa shi ba." Ina ji. Na sa fuskata a matashi.

Talata, 16 ga Maris, da safe

Umara bai ba ni goro ba. Bai tsokane ni ba. Ya juya yana kallon bango.

Joseph ya kawo ruwan wanka, ya goge mini wuya da hammata kamar kullum, ba labarin ƙwallo. An ce za a mai da shi wankin fo a ɗakin masu tari.

Talata, da la'asar

Likita ya duba. Rabin ɗinkin ya ɓalle, bakin mahon ya yi baƙi. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Wa ya zaunar da kai?" Ashe abin a rubuce yake a jikin fatar, duk wanda ya iya karatunta zai gani.

Na ce ni ne. Na ce Joseph ba ya nan. Na ce surukina ne ya zo.

Ya dubi Sista, wai me surukin ya yi mini? Sista ta buɗe baki za ta bayyana masa, sai ta fasa, ta ce da ni, "Haba, Tela. Haba." Ita ta gane, kuma gane ɗin nata ya fi faɗa ciwo. Na roƙi Joseph gafara a gaban kowa. Ya ce ba komai, Malam, shi ma yana da suruki.

Alhamis, 18 ga Maris, da hantsi

Warin ya dawo.

Asabar, 20 ga Maris, bayan azahar

Sun yanke abin da ya mutu da almakashi, a nan kan gado, tun da ba na ji. Ƙarar na ji, kuma na san ƙarar almakashi mai kyau. Likita ya ce in ramin ya yi tsabta zai sake gwadawa da mazaunin hagu. Na ce in wannan ma ya ƙi fa? Ya ce babu na uku. Yadin ke nan, ba saura.

Na taɓa ɓata wa wani alhaji shadda, na yanka wuya a inda ba wuya ba, na kwana uku ban iya cin abinci ba. Yau naman jikina na ɓata, da aikin mutumin da ya tsaya a kaina tun safe har rana ta take, don kada tsoho ya ga bayana.

Litinin, 22 ga Maris, da la'asar

Kaltum ta zo ita kaɗai. Ta zaro rigar daga ƙarƙashin matashi, ta duba bayanta, ta naɗe. Ta ce, "Malam, da na san abin da za ka yi da ita da ban kawo ba." Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ta faɗa wa Baba duka. Na ce don me? Ta ce don ya tambaya.

To, shi ke nan. Yanzu ya san ba ni da ƙafa, ya san ba ni da hankali, ya san na yi masa ƙarya ido da ido. In ya zo ɗaukar ta ba ni da bakin magana. Na so in ce mata in tana son tafiya ba zan riƙe ta ba. Na ce ta gaida Falmata.

Laraba, 24 ga Maris, da safe

Zazzaɓi. Allura. Ba abin rubutawa.

Asabar, 27 ga Maris, da hantsi

Ramin ya fara ja, in ji Sista. An sa ranar Talata za a sake tiyata. Umara ya jefo mini goro ya faɗi ƙasa, muka zuba masa ido mu biyu, ba mai iya ɗauka. Ya ce, "Dubi manyan Yerwa." Dariyar farko ke nan tun ranar.

Litinin, 29 ga Maris, bayan azahar

Wannan kam sai na rubuta.

Da hantsi, ana tsakiyar wankin ciwo, zane a yaye, na ga gindin sanda da takalman fata masu ƙura sun tsaya a ƙarƙashin labule. Na san su. Sista ta ce ba lokacin baƙi ba ne. Bai saurare ta ba, ya ɗaga labulen ya shigo. Ya tsaya a kaina. Ya duba wurin, ya daɗe yana dubawa. Na rufe ido, na ce ya Allah ka ɗauki raina yanzu.

Sai na ji motsi a ƙasa. Na buɗe ido na ga Ba Ajimi zaune a kan siminti, dirshan, a ƙarƙashin fuskata, yana kallona daga ƙasa. Tun da nake ban taɓa ganin idonsa ba. Ashe ɗaya ya fara fari.

Na ce, "Baba, a kawo kujera."

Ya ce, "Yi shiru." Hausarsa a karye take, yakan cika da Barbarci, Umara yana ƙarasa mini ta bayan labule. Ya tattare rigarsa da wandonsa har sama, ya daki cinyarsa da tafin hannu. Ya ce, "Wannan fa? Daga Dusuman ita ta kawo ni, da ƙafa. Nama mai kyau ne. Na ji an ce likitan nan nama yake yanka ya toshe rami. Ni na tsufa, noma kaɗan ya rage mini. A yanka a nan."

Na zuba wa cinyar ido.

Ya ce, "Wancan zuwan ma abin da ya kawo ni ke nan. Na shigo na gan ka a zaune da babbar riga da hula, na ce ashe ya warke. Yaya zan ce wa mai lafiya ga cinyata? Kunya ta kama ni. Na zauna ina neman hanyar tashi, na rasa."

Ashe tun daga azahar har la'asar kunyar juna muke ji, ni ina kashe mahona, shi yana riƙe da cinyarsa.

Sista ta kira Likita. Ya saurara har ƙarshe, ya ce masa naman wani ba ya kama jikin wani, ruɓewa yake yi. Ba Ajimi bai yarda ba. Ya ce ai jininsa da nawa sun riga sun haɗu a jikin Falmata. Likita ya ce ko uba da ɗa ba ya yiwuwa. Tsohon ya saki rigarsa, ransa a ɓace, kamar wanda aka mayar wa da kyauta.

Da suka fita na tattaro duk ƙarfina na ce, "Baba, maganar Kaltum fa?"

Ya ce, "Wace magana? Tana gida tana dafa ƙwai."

Na yi kuka, a gabansa, hawayen suna ɗiga a kan simintin kusa da gwiwarsa. Bai kau da kai ba, bai kuma ce in daina ba.

Alhamis, 1 ga Afrilu, da la'asar

An yi tiyata ta biyu. Sista ta ce ja ne, da ɗumi. Ba wanda ya ce ya kama, kuma ban tambaya ba.

Ba Ajimi bai koma Dusuman ba. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin gadona. Sista ta kore shi, ya fita ya zagayo ta ɗaya ƙofar, ta gaji ta ƙyale shi. Shi da Umara suna ta musu a kan kifin Chadi. Ina cin abinci a gabansa, kai a sunkuye, yana ɓare mini ƙwai. Har yanzu da ƙyar lomar take wucewa.

Juma'a, 2 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

Limamin unguwarmu ya zo dubiya, da dattawa a bayansa. Mutumin da ya ɗaura mini aure. Ina ganin takalmansu ban san lokacin da na dafa katifa na fara yunƙurawa ba, jikina ne ya yi da kansa.

Sai na ji hannu ya sauka a tsakiyar kafaɗuna, a inda nake ji, mai nauyi, mai kaushi. Ya danne ni.

Ba Ajimi ya ce da su, "Ba ya tashi. Mai son ganin fuskarsa ya zauna a ƙasa."

Sannan na ji liman yana tattara rigarsa.